Kare Jiki Daga Ɗarin Hunturu Idan Aiki Ya Fitar Da Mu Waje

Jawabin da aka gabatar wa manoma, makiyaya, iyaye mata da matasa masu aikin sa kai a Dogon Dawa

 Abin da ya tara mu yau abu ne da kowa ya sani, wato ɗarin hunturu. Saboda mun saba da shi kowace shekara, yawancinmu ba mu ɗauke shi a matsayin abin da zai iya kwantar da mutum ba. Amma masu aikin lafiya sun san cewa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ake yawan kawo musu yara masu ciwon haƙarƙari, da masu ƙunar wuta, da tsofaffin da tari ya sarƙe. Yawancin waɗannan abubuwa ana iya kauce musu da kayan da muke da su a gida.

Me ya sa dare ke da sanyi haka?

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Yawancin ƙurar da take kawo mana daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Cadi, ana kiransa Bodele. Iska ce busasshiya, babu laima a cikinta. Da rana ƙasa tana ɗaukar zafi har ma'auni ya wuce digiri 30. Da rana ta faɗi, babu gajimare ko laimar da za ta riƙe wannan zafi, sai ya tashi sama ya tafi. Shi ya sa a watan Disamba da Janairu ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15 cikin dare a wannan yanki namu, wani daren har ya kusanci 10. Lokacin da ya fi kowane sanyi shi ne gab da fitowar rana. Iska mai sanyi kuma tana da nauyi, takan gangara ta taru a kwari, saboda haka fadama da bakin rafi sun fi tudu sanyi.

Zafin jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari. Wani zai ce ai wannan maganar ƙasashen Turai ce inda ƙanƙara ke zuba. Ba haka ba ne. Mutumin da tufafinsa suka jiƙe, iska na kaɗa shi, cikinsa babu abinci, zai iya shiga wannan hali ko da ma'auni yana kan digiri 10 ko sama da haka.

Su wa aiki ke fitarwa waje?

A nan Dogon Dawa hunturu yana zuwa ne daidai da lokacin da aiki ya fi yawa. Akwai masu kwana a gona suna gadin masara da dawa da waken soya kafin a kwaso su gida. Akwai masu casa da sussuka da ke farawa tun duhun asuba. Akwai masu noman rani da ke shiga ruwa su tayar da injin ban ruwa kafin gari ya waye. Akwai makiyaya a bakin daji, da masu itace da gawayi, da masu haƙar zinariya da ke wuni cikin rami mai laima, da 'yan acaɓa da ke bin hanyar Funtuwa ko ta Birnin Gwari da sassafe, da matasa masu sintiri da dare. Kada mu manta da mata da 'yan mata masu zuwa rafi ko rijiya da asuba, da yaran makaranta, da almajirai masu kwana a zaure ko a fili.

Akwai kuma waɗanda ba aiki ne ya fitar da su ba. Shekarun rashin tsaro a dazukan Kamuku da Kuyambana sun sa iyalai da yawa a ƙasar Birnin Gwari sun kwana a jeji, wasu sun baro ƙauyukansu da tufafin jikinsu kawai. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu. Amma gidan da aka ƙone ba ya tashi da kansa, bargon da aka bari a gudu kuma ba ya dawowa. Duk shirin da za mu yi, mu sa waɗannan iyalai a gaba.

Hanyoyi huɗu da zafi ke fita daga jiki

Idan mun gane yadda zafi ke gudu daga jiki, za mu san inda za mu toshe.

Ta farko ita ce ƙasa. Wanda ya kwanta a kan ƙasa mai sanyi, ƙasar tana tsotse zafin jikinsa duk dare, ko da ya lulluɓa da bargo biyu. Mutane da yawa suna damuwa da abin rufa, su manta da abin shimfiɗa. A waje, abin da ke ƙarƙashinka yana da muhimmanci kamar abin da ke samanka.

Ta biyu ita ce iska. Jiki yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata. Idan jaura ta buso sai ta kwashe ta, jiki ya sake ɗumama wata, ta sake kwashewa. Masana yanayi sun auna cewa idan ma'auni yana kan digiri 10, mai tafiya a kan babur da gudun kilomita 60 a awa zai ji kamar digiri 5 ne.

Ta uku ita ce jiƙa. Ruwa yana ɗauke zafi daga jiki fiye da iska kamar sau 25. Gumi ma ruwa ne. Mai casa da ya yi gumi sharkaf sannan ya zauna hutawa cikin iska, rigarsa ce za ta sanyaya shi.

Ta huɗu ita ce duk wata gaɓa da aka bari a buɗe, kamar kai, wuya, kunnuwa, hannuwa da ƙafafu. Ga jariri maganar kai ta fi nauyi, domin kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa.

Tufafi

Riguna uku marasa kauri sun fi riga ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumi. Ta ciki ta zama busasshiya. Ta tsakiya ta zama mai laushi irin suwaita. Ta waje ta zama wadda iska ba ta ratsa ta, kamar rigar ruwa ko jaket ɗin gwanjo. Amfanin wannan tsari shi ne, idan aiki ya yi zafi sai ka cire ɗaya tun kafin gumi ya keto, idan ka zauna sai ka mayar. Kada tufafin su matse jiki, domin matsi yana hana jini zagayawa.

Wanda ba shi da jaket, ya sa kwali ko takardar jarida ko buhun leda mai tsabta a ƙirjinsa tsakanin riga da riga kafin ya hau babur. Buhun da aka zuba taki ko maganin feshi a ciki kada ya taɓa jiki. A sa hular sanyi mai rufe kunne ko a naɗa rawani ko mayafi, a rufe hanci da baki saboda ƙura. Hular kwano ta ɗan acaɓa tana tare iska, tana kuma tsare kai idan an faɗi. A sa safa da takalmi rufaffe.

Masu ban ruwa da masu shiga rami su tafi da riga da wando na canji a cikin leda. Da an fito daga ruwa a goge jiki a canza nan take, kada a ce sai an je gida. Inda hali ya yi, a jinkirta shiga ruwa har rana ta ɗan ɗaga. Takalmin roba mai tsawo kuɗinsa bai kai na jinyar mako ɗaya ba.

Wurin kwana a gona

Idan dole ne a kwana a waje, a zaɓi wuri mai ɗan tudu, kada a sauka cikin kwari. A kafa zana ko damin kara ta gefen arewa da gabas, inda iska ke fitowa. A yi 'yar bukka ko rumfa, domin ko rufin kara kaɗai yana rage zafin da ke tashi sama. A tara kara ko busasshiyar ciyawa ko ɓawon masara, kaurinsa ya kai kamu ɗaya, a ɗora kwali ko buhu, sannan tabarma. A kakkaɓe shimfiɗar kafin a kwanta saboda kunama da maciji, su ma ɗumi suke nema.

Kada mutum ya kwana a gona shi kaɗai. Mutum biyu ko uku da suka kwanta kusa da juna suna ɗumama juna, kuma idan ɗaya ya rikice akwai mai lura. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sintiri da waɗanda tsoro ya hana su hura wuta da dare don kada a hango su. Wanda ba zai iya hura wuta ba, kariyarsa ita ce shimfiɗa mai kauri, tufafi busassu, abinci a ciki da abokin zama. Idan gadi ne, a yi shi karɓa-karɓa, mai gadi ya riƙa tashi yana takawa yana motsa yatsunsa.

Abinci da abin sha

Abinci shi ne itacen da jiki ke hura wutarsa da shi. Kada a fita aikin asuba da yunwa, ko ɗumame ne a ci. Kunun gyaɗa, koko, kunun tsamiya, dafaffen dankali, rogo, gyaɗa da ƙuli-ƙuli duk suna ba da ƙarfi. Mai kwana a waje ya ci abinci sosai kafin ya kwanta, ya tafi da shayi ko kunu a filas idan akwai. Shayi mai citta da kanumfari yana da daɗi a wannan lokaci, kuma sukarin da ke cikinsa yana taimako. A riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da mutum ya sani ba.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Wasu suna cewa burkutu ko ogogoro yana korar sanyi. Abin da giya ke yi shi ne ta buɗe hanyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali zafin cikinsa ne ke fita. Tana kuma sa barci mai nauyi, mutum ya kwanta a fili bai san sanyi na cinsa ba. Ƙwayoyi irin su tiramol da wasu matasa ke sha don su jure aiki su ma suna rufe wa mutum jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa.

Wuta

Wuta ita ce babbar abokiyar hunturu, ita ce kuma ke jawo mana asara mafi girma. A gona, a share ciyawa kewaye da inda za a hura ta, a nisanta ta daga bukka da tarin amfanin gona da jarkar fetur ta injin ban ruwa. Kafin a tashi a kashe ta da ruwa ko ƙasa har toka ta huce. Garwashi ɗaya da iska ta ɗauka ya isa ya cinye noman shekara, naka da na maƙwabcinka.

A gida kuma, haɗarin yana cikin kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba ta da wari. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma masu barci sukan wuce ba tare da sun farka ba. Janareta ma ita yake fitarwa. Idan za a ɗumama ɗaki, a yi ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri, a fitar da su iska nan da nan, a kai su asibiti.

Kada a bar yara su kaɗai a bakin wuta. Mai farfaɗiya kada ya ji ɗumi sai da wani a kusa da shi. Atamfa mai roba da gidan sauro suna kama wuta da sauri. Idan an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan wurin har minti 20, a rufe sauran jikin don kada sanyi ya kama, sannan a lulluɓe ƙunar da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko toka, ko man goge baki.

Waɗanda sanyi ya fi yi wa illa

Jarirai ne a sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan jariri sabon haihuwa har awa 24. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a ba shi nono. Muna roƙon ungozomomi da kakanni su taimaka a kan wannan. A kwanakin hunturu a mai da wankan yara zuwa hantsi, a cikin ɗaki, da ruwan ɗumi. Uwar da za ta hau babur da goyo ta sa wa yaron hula da safa, ta rufe shi da zane na biyu, amma ta bar masa hanyar numfashi.

Bayan jarirai sai tsofaffi, domin jikinsu ba ya saurin jin sanyi kuma ba ya saurin ɗumama. Sai yaran da ba su samun isasshen abinci. Sai masu sikila, waɗanda sanyi da ƙarancin ruwa a jiki ke tayar musu da ciwo, saboda haka kada a aike su rafi da asuba. Sai masu asma, su riƙa rufe hanci su ajiye maganinsu kusa. Ga kaushi da faso da tsagewar leɓe, man kaɗanya ko basilin ya wadatar, a shafa bayan wanka tun jiki bai bushe ba.

Sanyi da ƙura da hayaƙi da cunkoso a ɗaki suna buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa. Kowace uwa za ta iya gane shi ta ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Idan an ga haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kuma cika wa yara allurar rigakafi, a cikinta akwai ta ciwon haƙarƙari da ta ƙyanda.

Idan sanyi ya riga ya kama mutum

Alamar farko ita ce rawar ɗari mai ƙarfi da yatsu su ƙi aiki. Idan abin ya ci gaba, magana takan sarƙe, mutum ya riƙa tuntuɓe, ya rikice kamar wanda ya bugu, barci ya riƙa fizgarsa. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali jikinsa da sanyi kuma hankalinsa bai dawo ba, abin ya tsananta ne. Jariri ba ya rawar ɗari sosai. A taɓa cikinsa da bayan hannu, idan da sanyi kuma ya yi laushi ya ƙi tsotso, yana cikin haɗari.

Ga abin da za a yi:

1. A ɗauke shi a hankali zuwa inda babu iska, a kwantar da shi a kan shimfiɗa mai kauri.
2. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a goge shi, a rufe shi da busassu har kai, a bar fuska.
3. A fara ɗumama ƙirji, wuya da hammata. Wani ya shiga bargon tare da shi, ko a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da zane a sa masa.
4. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi kunu ko shayi mai sukari. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa kome.
5. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsoma shi cikin ruwan zafi, kada a kusanta shi da wuta sosai, kada a ba shi giya.
6. Idan ya rikice ko ya suma, a kai shi asibiti mafi kusa a lulluɓe, daga can in ya cancanta a wuce da shi babban asibitin Birnin Gwari ko na Funtuwa.

Abin da za mu yi tare

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin rigar sanyi da bargo yakan tashi da zarar ɗari ya sauka, saboda haka ƙungiyoyin adashi da na manoma za su iya haɗa kuɗi tun watan Oktoba su sayo dilar gwanjo ɗaya su raba. Matan da suka iya saƙa su koya wa 'yan mata saƙa hula da safar jarirai. Kowace unguwa ta rubuta sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da gwauraye, da marayu, da baƙin da suka yi gudun hijira, da makarantun allo da yaransu ke kwana a fili, a san wanda zai riƙa leƙa su da safe. Malaman makaranta su duba yaran da ke zuwa da riga ɗaya, su sanar da kwamitin iyaye. A riƙa sauraron rediyo domin sanarwar Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya game da hazo da ƙura, musamman direbobi da 'yan acaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Su waye a unguwarmu suke kwana a waje ko a ɗakin da ba shi da ƙofa, kuma me suke shimfiɗawa?
2. Gida nawa ne a cikinmu ake kwana da kaskon gawayi a ɗaki? Me za mu ba su a madadinsa?
3. Wane aikin asuba ne za a iya mayar da shi hantsi ba tare da an yi asara ba?
4. Idan yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari da dare, babur ɗin wa za mu nema, kuma daga ina kuɗin mai zai fito?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su kawo mana amsoshin waɗannan tambayoyi a zama na gaba, tare da sunayen gidajen da suka fi bukatar bargo.